Iska na wahalar da mai kayan kara: gargaɗi ga ɗan kasuwa kafin ya sayi mota mai batir

Ƴan uwa ƴan kasuwa na bakin iyaka, daga Gaya zuwa Kwanni, daga Ɗan Isa zuwa Magarya, maganar da muka kawo yau ta mota ce, amma a aljihu take ƙarewa. Tun ranar 29 ga watan Mayu na 2023, lokacin da shugaban Najeriya Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin duk wanda ke cin abinci a kan hanya ya canza. Litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta haye naira 500 cikin ƴan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce naira 1000. Man da ke tsallako iyaka a jarkoki ya ja baya, har ta kai a watan Maris na 2025 an ga dogayen layuka a gidajen mai na Yamai da sauran garuruwanmu, duk da cewa muna da matatar SORAZ tun 2011. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da hira a tasha da rumfunan kasuwa ta karkata zuwa motar da ba ta shan mai, wato mota mai aiki da batir, wadda ake yi wa caji kamar wayar salula.

Wannan mota ta wuce zancen mafarki. A 2024 an sayar da motoci masu amfani da lantarki kimanin miliyan 17 a duniya, wato fiye da ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar, kuma mafi yawansu a ƙasar Sin. A wannan shekarar ce ƙasar Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan fetur da gazuwal. Mu kuwa mun san al'ada: motar da Bature ko Basine ya hau yau, bayan shekara shida ko takwas tana bisa jirgin ruwa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, daga nan sai gareji na dillalanmu. Ranar da za su cika mana kasuwa, dillali zai buga ƙirji ya ce wannan tana cin kilomita 500 da caji guda. Abin da muke so mai saye ya sani tun yanzu shi ne, wannan kilomita 500 ɗin ba da irin lodinmu aka auna ta ba, ba kuma da irin gudunmu ba. Wanda zai cinye ragowar, ba kowa ba ne illa iska.

Mutane da yawa suna ɗauka iska ba ta da nauyi, alhali tana da shi. Akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, tsayin mita ɗaya, iskar da ke cikinsa ta fi kilo guda nauyi. Ƙaramar mota, idan ka tsaya gabanta ka auna faɗi da tsayi, fuskarta ta ɗan wuce murabba'in mita biyu. Idan aka yi lissafi, a tafiyar kilomita 100 kawai sai ta ture iskar da ta kai kimanin tan 250 daga gabanta, wato kayan tirela takwas masu tan talatin-talatin. Babu duwan da ke tsayar da kai a kan wannan kaya, babu jandarma, babu rasit, amma kana biyan kuɗinsa a kowace tafiya, daga tankinka ko daga batir ɗinka.

Abin da ya fi muni shi ne yadda wannan haraji ke hawa. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa idan ka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska ninkuwa take sau huɗu. Duk wanda ya taɓa fitar da hannunsa ta tagar mota ya san haka ba sai an kai shi makaranta ba: a cikin gari iska shafar hannu take, a kan kwalta kuwa sai ta nemi karya shi. Direban da ya tashi daga gudun kilomita 90 a awa zuwa 120, ya ƙara kashi 33 cikin ɗari a gudu, amma turjiyar iska ta ƙaru da kashi 78 cikin ɗari. A babbar hanya kuwa, rabin ƙarfin da mota ke kashewa, ko ma fiye, wajen kokawa da iska yake tafiya. Ke nan motar da za ta ci kilomita 400 a gudun 90, a gudun 120 da kyar za ta kai 300.

Wani zai tambaya, to ai motar fetur ma da iskar take kokawa, me ya sa sai yanzu ake ta surutu? Amsa tana cikin tanki. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kimanin kilowat-awa 9, wato irin awon nan da mitar NIGELEC ke ƙirgawa a gida. Batir na matsakaiciyar mota mai lantarki yana ɗaukar kilowat-awa kamar 60. Idan ka raba, za ka ga duk wannan ƙaton batir mai nauyin ɗaruruwan kilo bai kai ƙarfin lita bakwai na fetur ba. Abin da ya sa take iya yin nisa da wannan ɗan guzuri shi ne rashin almubazzaranci. Injin fetur yana zubar da kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin mai a matsayin zafi da hayaƙi, shi kuwa injin lantarki kusan kashi tara cikin goma na abin da aka ba shi yana isa ga taya. Motar fetur kamar attajiri ce mai ɓarna, idan an ƙara masa haraji ba ya ji sosai domin dama asararsa da yawa. Motar batir kuwa kamar ƙaramin ɗan kasuwa ce mai ƙirga dala-dala, wanda duk abin da aka ƙara masa sai ya gan shi a cinikin ranar.

Akwai kuma wani bambanci da ya kamata mai lodi ya riƙe. Motar lantarki idan ta taka birki, ko tana gangara, injinta yakan juye ya zama janareta, ya mayar wa batir wani ɓangare na ƙarfin da aka kashe wajen tayar da nauyi. Wato bashin da nauyi ya ci, yana biyan wani abu daga ciki. Amma abin da iska ta ci ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Shi ya sa wannan mota, saɓanin wadda muka saba, ta fi yin nisa a cikin gari inda ake tafiya ana tsayawa, ta fi saurin ƙarar da caji a kan miƙaƙƙiyar kwalta inda direba ke sakin ƙafa.

Kamfanonin ƙera motoci sun fahimci wannan, shi ya sa suke zuba kuɗi wajen gyaran siffa. Suna da wata lamba da suke auna turjiyar jikin mota da ita, a takardun Faransanci ana rubuta ta Cx, a na Ingilishi Cd. Ƙanƙantar lambar shi ne alheri. Tun 1921 wani injiniya mai suna Edmund Rumpler ya nuna a birnin Balin wata mota mai siffar ɗigon ruwa, wadda da aka auna ta bayan shekaru fiye da hamsin aka tarar lambarta 0,28, abin da motoci da yawa na yau ba su kai ba. Tesla Model 3 ta fito a 2017 da 0,23. Mercedes EQS ta fito a 2021 da 0,20. Manyan motoci masu fuska a tsaye kamar bango kuwa, nasu yakan kai 0,35 zuwa sama. Duk abin da kuka gani a sababbin motocin nan, na hannun ƙofa da ke shigewa cikin jiki, da gaban da aka toshe, da ƙasan da aka shafe sumul, da bayan da ke sauka a hankali, ba ado ba ne, neman kilomita ne.

Misali mafi bayyana yana gidan Hyundai na Koriya ta Kudu. Kamfanin ya yi motoci biyu a kan ginshiƙi guda, da batir iri guda mai kilowat-awa 77,4. Ta farko, Ioniq 5, doguwa ce mai kusurwa, lambarta kusan 0,29, kuma a awon Turai an ba ta kilomita 507. Ta biyu, Ioniq 6, wadda ta fito a 2022, gajera ce mai santsin baya, lambarta 0,21, an ba ta kilomita 614. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma tazarar kilomita ɗari da ƴan kai, wato fiye da nisan Maraɗi zuwa Katsina, kuma mafi yawan wannan tazara siffa ce ta kawo ta. Haka nan a watan Afrilu na 2022 Mercedes ya fitar da wata motar gwaji, EQXX, mai lamba 0,17, ta tashi daga kudancin Jamus ta sauka bakin teku a kudancin Faransa, fiye da kilomita 1000, ba tare da an sake yi mata caji ba. A ɗaya gefen, ƙatuwar Hummer mai lantarki ta Amurka, batir ɗinta ya ninka na wannan sau biyu, amma nisan da take yi bai wuce kusan rabin wancan ba.

To yanzu mu dawo gida mu dubi kanmu. Ranar kasuwar Jibiya, ko ta Illela, ko ta Maigatari, a tsaya bakin hanya a ga yadda motocinmu ke fitowa. Katifu a sama, kujerun roba a kan katifu, bokitai da kwanoni a kan kujeru, an ja igiya, but a buɗe kaya sun leƙo, wani lokaci har da yaron mota a can ƙololuwa. Kayan da faɗinsu ya kai mita ɗaya da ɗan abu, tsayinsu ya wuce rabin mita, sun ƙara wa fuskar ƙaramar mota kusan kashi ɗaya cikin uku. Bayan haka sun rusa santsin da injiniyoyi suka shafe shekaru suna nema, domin iska maimakon ta zame ta wuce, sai ta daki kaya ta yi ta juyi a baya tana jan motar. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta bayyana cewa ko akwatin kaya na kanti da ake ɗorawa a saman mota yana iya cin kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari na mai a gudun babbar hanya, alhali irinsa da aka maƙala a bayan mota ba ya wuce kashi 5. Wannan fa akwati ne da aka ƙera da siffa. Ina ga tulin katifa da tamfol yana kaɗawa? Magabata da suka ce iska na wahalar da mai kayan kara, kamar motocinmu suka hango.

Kada kuma a manta da hunturu. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iska daga arewa maso gabas take busowa, don haka mai tafiya daga Yamai zuwa Damagaram yana sukuwa ne cikin bakinta. Idan kana gudun 100, iskar gaba tana zuwa da 20, motarka ji take kamar tana gudun 120, turjiya ta ƙaru da kashi 44 cikin ɗari, alhali allurar gudu ba ta motsa ba. A bazara kuma na'urar sanyaya mota daga batir ɗin nan guda take sha, kuma zafi mai tsanani yana tsufar da batir, musamman a tsofaffin samfura da ba su da ruwan sanyaya shi. Motar da ta yi shekara bakwai a hannun wani, dama batir ɗinta ya riga ya rage.

Shi kuwa adadin da dillali zai karanto maka, daga ɗakin gwaji ya fito. Awon Turai, wanda ake kira WLTP, minti talatin ake yin sa, a yanayi mai daraja 23, ba kaya a sama, ba iskar gaba, kuma matsakaicin gudunsa bai kai kilomita 47 a awa ba. Awon ƙasar Sin, CLTC, ya fi shi sassauci ma, matsakaicin gudunsa kimanin 29 ne, shi ya sa mota guda takan fito da adadi mafi girma a takardar Sin. Ba mu ce ƙarya suka yi ba, an yi awon ne domin a kwatanta mota da mota. Sai dai wanda ya ɗauki wannan adadi ya ɗora a kan hanyar Yamai zuwa Maraɗi, mai kimanin kilomita 660, da katifu a sama, to tsakanin Dogon Dutsi da Kwanni zai gane kurensa.

Mun san abin da direba zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce riba a lodi take, buhun da aka ƙara a sama shi ne kuɗin cefane, kuma wanda ya riga isa kasuwa shi ke sayar da farashin safe. Gaskiya ne, kuma babu wanda ke ɗaura kaya a sama don nishaɗi. Amma a motar fetur, idan lissafi ya ƙwace, akwai jarka a but, akwai mai kwalba a kowane ƙauye. Wutar lantarki ba a sayar da ita a kwalba. Wanda cajinsa ya ƙare a daji, sai a jawo shi, kuma in tumatir ko albasa ko kifi ya ɗauko, asarar ta wuce kuɗin ja. Mun kuma ga abin da ya faru daga watan Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu saboda takunkumin CEDEAO, wutar da a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasa ke amfani da shi. A ƙasar da wuta ke da wannan tarihi, kowace kilomita da ke cikin batir dukiya ce, bai kamata a yi kyautarta ga iska ba.

Batun sauri kuma, a yi lissafi. Maraɗi zuwa Damagaram kimanin kilomita 235 ne. A gudun 120 awa biyu ne, a gudun 90 awa biyu da minti arba'in. Minti arba'in ɗin da mai gudu ya ci riba, zai mayar da su da ƙari a wurin caji, in ma ya samu wurin. Sauri ya haifi nawa ke nan. Ko Amurka, da man fetur ya yi mata tsada bayan rikicin 1973, ta ƙayyade gudu a 1974 zuwa kimanin kilomita 89 a awa a duk faɗin ƙasar.

Akwai kuma gaskiyar da dole a faɗa game da motoci masu santsin nan: gajeru ne, cikinsu kusa da ƙasa, kuma batir a ƙarƙashi yake shimfiɗe. Hanyar burji mai ramuka, da tudun rage gudu irin na garuruwanmu, ba abokan irin wannan mota ba ne. To amma a nan lissafin ya zo da sauƙi, domin a hanyar da ba a wuce gudun 40 ko 50, iska ba ta da wani ƙarfi, nauyi da taya su ne masu magana. Saboda haka mai zirga-zirga tsakanin ƙauyuka da kasuwannin mako, ya sayi mai tsayi ba laifi. Mai kabu-kabu da mai adaidaita a cikin gari, su ne ma lantarki ya fi yi wa rana, kuma an ga haka a Benin da Togo inda babura masu batir na kamfanin Spiro suka yaɗu, ana sauya batir a tasha cikin ƴan mintuna, haka ma a Maiduguri inda aka fara jigilar cikin gari da motocin lantarki. Wanda aikinsa doguwar kwalta ce, shi ne dole ya dubi siffa, ya dubi lodi, ya dubi ƙafarsa.

Shawararmu ga mai saye ita ce, kada ya biya kuɗi a kan takarda. Ya tambayi wane awo ne, na Turai ko na Sin. Ya nemi a nuna masa lafiyar batir a allon motar. Ya sa a cika caji, a ɗora irin kayan da ya saba ɗauka, a hau kwalta kilomita hamsin a dawo, sannan ya duba abin da ya rage. Dillalin da ya ƙi wannan gwaji, ya riga ya ba ka amsa. Idan kuma ba a samu damar gwaji ba, a cire kashi ɗaya cikin uku daga adadin takarda kafin a tsara tafiya, in da kaya a sama a cire rabi. Wajen lodi kuwa, masu nauyi irin su shinkafa, sukari da siminti su shiga ciki a ƙasa. Masu girma marasa nauyi, in dole sai an ɗora, a kwantar da su, a sa ƙarami a gaba babba a baya, a lulluɓe da tamfol a ɗaure tam kada ya yi ta fiffika. Ƙarfen ɗaura kaya idan ba a aiki da shi a kwance shi. A duba iskar taya kowace safiya.

Muna kira ga hukumomi, tun kafin kasuwa ta cika, su tilasta wa masu shigo da irin waɗannan motoci bayyana shekarun batir da irin awon da aka yi, cikin harshen da mai saye ke ji. Idan an tashi kafa wuraren caji a kan babbar hanya ta ɗaya, a auna tazararsu da motar da aka yi wa lodi a cikin hunturu, kada a auna da adadin kamfani. A haɗa su da hasken rana, domin tashar Malbaza ta 2018 da ta Gorou Banda ta 2023 sun nuna cewa ranar da ke ƙona mu tana iya yi mana aiki. Muna kira ga shugabannin sandikar direbobi da makarantun koyon tuƙi su sa wannan darasi cikin abin da ake koya wa matasa, gidajen rediyon karkara kuma su buɗe fili a tattauna shi da masu abin.

Daga ƙarshe, wannan darasi bai jira motar batir ba. Tsohuwar motar da ke tsaye a tasha yau, iskar nan guda ce ke karɓar harajinta, sai dai tanki yana rufa mata asiri. Direban da ya sauke ƙafarsa daga 120 zuwa 90, ya gyara ɗaurin kayansa, zai ga bambanci a kuɗin mai tun daga wannan makon, ga tayoyi za su daɗe, ga rai ya fi samun kariya. Tafiya sannu-sannu kwana nesa. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.